Hoton Ƙirjin Baba a Tagar Ofishina

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa mai yawa daga nan inda nake, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da kowa na gidanmu. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa wannan ciwo ya zo da sauƙi, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi kai kaɗai, wadda ya kamata a ce mu biyu muke yin ta. Ya gwiwar Mama? Ka ce mata labari ya iso ni cewa har yanzu tana hawa bene da bokitin wanki, kuma ban ji daɗi ba. Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina sha, sai dai kewar gida da ta sa ni gaba tun farkon watan nan. In na ji wani yana waya da babansa a cikin bas, sai in kau da kai wajen taga.

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa ga waya a hannu. Ai ka ga yadda muka ƙare ranar Lahadi: kai ka ɗaga murya, ni na kashe maka waya, abin da ban taɓa yi ba tunda nake. Ka yafe mini. A waya ba na kai zance ƙarshe, ko kuka ya zo ko faɗa, shi ya sa na zauna da biro. In na gama zan ɗauki hoton shafukan in turo maka, don maganar ba ta jiran gidan waya. Yau tara ga wata, likitoci kuma sun sa ashirin da uku don yi wa Baba tiyata a cire abin da suka gani a huhunsa. Shi kuwa ya kafe, ba zai sa hannu ba sai Auta ta duba hoton ƙirjin ta ce a yi, wai tunda ni ce babba a harkar eksire. Kai da ka shekara goma sha tara a ɗakin hoton asibiti, kai da ka tsayar da shi gaban injin da hannunka ka ce ya ja numfashi ya riƙe, an mayar da kai ɗan aike. Ka gaji, ka ce in bugo masa kawai in ce na duba na amince, a wuce wurin. A kan wannan muka yi faɗa, a kansa kuma nake wannan rubutu.

Ambulan ɗin hoton da Baba ya matsa ka aiko ya iso jiya Talata da hantsi. Ina ofis, hawa na huɗu, ɗan ɗakin da nake rabawa da wani abokin aiki da muke kira Dogo. Ba komai a ciki sai tebur biyu, butar shayi mai tsatsa a gindi, da taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Dogo ya fita koyarwa, don haka na rufe ƙofa na zaro hoton na manna shi a gilashin taga. Ka ce mini abin yana dama, sai na kalli dama. Yaya, wani farin dunƙule na gani, ƙato, ya kusa cinye rabin gefen. Na zauna a ƙasa tsakanin tebur da kwandon shara ina kuka, ina cewa shi ke nan, ashe ɓoye mini kuke yi. A haka sakatariyar sashenmu ta same ni, wata dattijuwa da mijinta ya daɗe yana jinya har ta saba da irin waɗannan hotuna. Ta kalli taga, ta kalle ni, ta tambaye ni ko wannan farin nake wa kuka. Na ce eh. Ta ce to in tashi, wannan zuciyarsa ce, kowa yana da ita. Ta nuna mini cewa hoton kamar mutum ne da ke tsaye a gabana, damansa a haguna take. Sai a lokacin na ga ɗan zagayen da ka yi da fensir can sama, a ɗaya gefen, bai fi kan babban yatsa ba. Wallahi ko shekara aka ba ni da hoton nan, ba zan gano shi ba.

Ka yi dariya, na yarda. Ni ma na yi, da majina da komai. Wai babbar gwanar eksire ke nan da ake jira. Abin kunyar ma, mu masu nazarin taurari taswirar samanmu gabas a hagu take, kullum sai na tuna wa ɗalibai, amma da aka zo kan ƙirjin ubana sai kaina ya kulle.

Da na koma kujera na yi ta tunanin inda wannan kuskure na Baba ya samo asali, kuma ban sha wahalar nema ba, don ni na shuka shi. Ka tuna zuwana na ƙarshe, shekara bakwai ke nan? Muna shagon walda da rana, ƙofofin ƙarfe jingine da bango, ƙasa duk guntayen sanda da suka ƙone, Baba a kan bencinsa baƙin gilashi a goshi. Ya ce in faɗa masa ainihin abin da nake yi, don in mutane sun tambaye shi kunya yake ji ya ce kallon taurari. Na ce masa akwai taurari manya, wasu sun ninka rana sau talatin ko fiye a nauyi, kuma don tsananin zafi launinsu shuɗi ne. Nan take ya kunna wutar walda, ya murɗa ta daga ja zuwa shuɗiya, ya ce wannan ai ya riga ni sani, in ci gaba. Na ce irin waɗannan taurari haskensu yana da ƙarfin da yake ture fatar jikinsu waje, ta zama iska mai gudun kilomita dubu biyu a daƙiƙa ɗaya, har wani yakan zubar da abin da ya fi nauyin duniyar nan tamu a shekara. Na ce ni biyu nake bi, masu zagaya juna, kowanne yana hura tasa iskar. Inda iskokin suka yi karo wurin yakan yi zafin da ba a magana, sai ya fitar da hasken eksire. Ya gyaɗa kai, ya ce kamar a haɗa bakin wuta biyu ke nan. Ban taɓa samun ɗalibi mai saurin ganewa irinsa ba.

Da na tsaya a nan, da lafiya. Amma daɗin yabo ya ɗebe ni. Na ce masa in ƙaramin tauraron ya shiga bayan babban, hasken nan sai ya ratso ta cikin iskar babban kafin ya iso gare mu, iskar ta shanye wani ta bar wani, daga abin da ya ragu muke gane kaurinta. Na ce kamar aikin Yaya ne, sai dai shi majinyacinsa taku uku ne daga injin, ni nawa haskensa sai ya yi dubban shekaru a hanya. Kai kana riƙe masa wata ƙofa a lokacin, na ga fuskarka. Daga ranar duk wanda ya kawo gyara sai ya ji cewa yaran Baba biyu duk eksire suke yi, amma ƙaramar ta fi, don ita har ƙirjin tauraro take gani. Mama ta sha gaya mini a waya tana dariya. Na ji daɗi, Yaya. Ban gyara ba ko sau ɗaya, don ina nesa, ba na kai shi asibiti, ba na sayo masa magani, wannan yabon shi ne kaɗai abin da nake da shi a gidan.

Bari in faɗa maka gaskiyar aikin, tunda ban taɓa yi ba. Mama har yau addu'a take yi kada sanyi ya kama ni a kan rufi, alhali ban taɓa kallon taurarin nan da idona ba. Iskar duniya ba ta barin hasken eksire ya sauko, saboda haka na'urar hangen tana can sama a jikin tauraron ɗan'adam. Ni ƙarfe takwas da rabi na safe nake zuwa ofis kamar kowane ma'aikaci, in kunna kwamfuta, in tarar da jerin lambobi. Hasken ɗaiɗai yake isowa, ƙwaya ƙwaya, kowace da lokacin da ta faɗo da ƙarfinta. In tsince, in ware na banza, in jera sauran, kamar yadda Mama take tsintar shinkafa a faranti. Daga nan nake ƙoƙarin sanin nawa babban yake zubarwa daga jikinsa, domin wannan ne zai nuna yadda ƙarshensa zai kasance. Shekara goma sha ɗaya ina wannan. Ban taɓa warkar da ko ciwon kai ba.

Akwai kuma abin da ban gaya maka ba ranar Lahadi, don na ji kunya. Taurarin nan sau ɗaya suke kusantar juna a shekara takwas, kuma a 'yan kwanakin ne kawai ƙaramin yake shiga bayan babban. Babbar na'urar ba ta kowa ba ce, ɗaruruwan mutane ke neman ta, sai ka rubuta takardar roƙo, kwamiti ya zauna. Sau biyu ana ƙi na, a na uku aka ba ni. Ƙa'idarsu ita ce, wata ƙaramar na'ura tana leƙa taurarin kullum, ranar da haske ya fara dusashewa, wanda sunansa yake farko a takardar shi kaɗai zai aika a juyo da babbar, kuma cikin awa shida. Wancan karon ina ɗaliba, malaminmu ya yi jinkiri, aka juyo bayan kwana biyu, an riga an wuce wurin. Na yi ta kuka a lokacin, na ce in Allah ya kai ni na gaba ba zan matsa ko nan da can ba. To ya kai ni. Lissafina ya nuna tsakanin ashirin da ashirin da bakwai ga watan nan. Ka duba ranar tiyatar Baba ka ga inda ta faɗa.

Shi ya sa da ka ce in yi masa ƙaryar nan ta minti biyu na fusata haka. Ba don na fi ka tsoron Allah ba ne. Don ka miƙo mini daidai abin da zuciyata take so ne, hanyar da zan zauna a kujerata, Baba ya sa hannu, kowa ya ce Auta ta kyauta. Jiya da yamma har na ɗauki waya na nemo lambarsa. Sai na tuna tiyata ba ita ce ƙarshe ba. Bayanta akwai wani hoton, akwai magani, akwai ranar da likita zai ce a yi kaza yau ba gobe ba. In na ce na duba wannan, kowanne sai an jira ni, kai kuma ka ci gaba da tsayuwa a bakin gado da iliminka a hannu ana cewa bari a tambayi yarinya. Sannan in aka shiga da shi ɗakin nan a kan maganata, ni da na yi wa zuciyarsa kuka ina zaton ƙari ce, wani abu ya faru, ina zan sa kaina? Haba Yaya. Na ajiye wayar.

Yau da safe na je wurin Farfesa, shugabar rukuninmu. Tsohuwa ce mai shekara sittin da bakwai, ofishinta duk takardu har kan kujerar baƙi, sai da na kwashe na zauna. Na ce ina so a cire sunana daga farko a sa na Dogo. Ta cire tabarau. Ta tambaye ni ko na san cewa wanda ya aika saƙon shi ke riƙe sakamakon shekara guda kafin kowa ya taɓa, shi zai fara rubutawa, da sunansa za a san aikin. Na ce na sani. Ta ce ba zan iya tafiya da kwamfuta in yi daga can ba? Na ce na san kaina, zan zauna a barandar asibiti ido ɗaya a ƙofar tiyata ido ɗaya a waya, in ɓata duka biyun. Ta ce ita ba ta sa ran ganin zagaye na gaba, ni kuwa ina da sauran biyu ko uku in da rai, sai ta turo mini takardar. Na sa hannu. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Dogo yaron kirki ne, ya san aiki, sai dai mutum ne da kafin ya zaɓi biredin da zai saya an rufe shago. Na rubuta masa shafi huɗu na abin da zai duba kowace safiya, na ce in ya yi jinkiri ko na awa ɗaya, ya nemi wani ofishin kafin in dawo.

Ba ina faɗa maka don ka ji tausayina ba ne, kai da ka bar karatun likita a shekara ta biyu lokacin da Baba ya faɗo daga tsani, ba ka kuma taɓa goranta wa kowa ba. Ina faɗa ne don ka san da gaske nake. Kuma gaskiya ko ba don ciwon ba, na gaji da nisa. A kan hanyata ta zuwa tashar bas akwai wani gini da ake yi, akwai mai walda a hawa na biyu. Ran nan ƙamshin ƙarfen da ya ƙone ya bugo ni, na tsaya a gefen titi kamar wata sakarya har bas biyu suka wuce. Ƙofar ɗakina a nan ta katako ce marar nauyi, tana rufuwa ba a ji. Ina kewar ƙarar ƙofarmu da Baba ya ƙera, wadda in ka dawo duk layin sai ya sani. Ina kewar Mama tana kiran sunayenmu a jere har da na kyanwa kafin ta kai kan wanda take nema. Ina kewar yadda kake cin abinci a tsaye kana cewa ka makara, alhali kullum kai ne farkon zuwa aiki. 'Yarka ta biyu ban taɓa ɗaukarta ba, a waya na ga haƙoranta sun fito, a waya na ga sun faɗi.

Zan iso ranar Juma'a sha takwas ga wata da la'asar, in Allah ya yarda. Kada ka bar aiki don tarbata, Kawu direba ya isa. Hoton yana cikin jakata tsakanin kwali biyu, ba zai lanƙwashe ba, na san halinka a kan kayan aikinka.

Ka gaishe mini da Mama, ka ce mata a gyara mini gadon da ke kusa da nata, ba na son ɗakin baƙi. Ka gaida matarka, yayata ta kaina, wadda na san ita ke dafa wa Baba abin da zai iya haɗiya, Allah ya biya ta. Ka gaida 'ya'yanka, Sarkin Tambaya da ƙanwarta Mai Giɓi, ka ce musu gwaggonsu tana tafe kuma ba ta zo da tauraro a jaka ba, kada su sa rai. Gaisuwa ga Gwaggo Babba, da Kawu direba, da Kawu na shago da yake riƙe wa Baba aiki, da maƙwabciyarmu mai ɗinki da ke leƙo shi kowace safiya.

Saura roƙo ɗaya, shi ne mafi nauyi. Kada ka jira isowata, kwana tara suna da yawa ga mai abu a huhu. Yau ɗin nan in ka tashi daga aiki ka zauna kusa da Baba, ta gefen kunnen da yake ji, ka karanta masa takardar nan daga inda ambulan ya iso har inda na sa hannu a takardar Farfesa. Kada ka tsallake wurin kukan, kada ka gyara mini komai. Na san abin da zan rasa a wurinsa, kuma na fi jin zafinsa a kan taurarin. In ka gama zai tambaye ka, don na san shi, to a ƙarshe me Auta ta ce. Ka ce masa Auta ta duba iya dubawarta ba ta iya ba, ta ce a cikin 'ya'yansa mutum ɗaya ne ya san abin da ke ƙirjinsa, kuma shi ne yake zaune a gabansa. Sannan ka miƙa masa biro.

Allah ya sa in same ku da alheri, ya tashi kafaɗun Baba.

Ƙanwarka mai kewarku,
Auta